Filin Ƙere-ƙere: Inji Na Kuka, Mota Ba Ta Motsi

Makon jiya mun tsaya a kan rimot, yadda saƙo ke tashi daga hannunka ya isa cikin mota ba tare da waya ba. Yau ƙasa za mu sauka, zuwa wurin da motocin nan suka fi mutuwa, wato tsakanin inji da taya.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dambatta, Bichi, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa ko Minjibir ya san yadda labarin yake tafiya. Yaro ya tara kuɗin barka da salla, ko ya yi ƙwadagon roron gyaɗa da wake, ya ba wani mai shiga birni sautu, aka sayo masa motar rimot a Sabon Gari. Kwana ukun farko duk unguwa sai ta sani. Kafin a yi sati biyu tana ƙarƙashin gado. In ka tambayi mai ita sai ya ce rimot ne ya lalace, ko inji ya ƙone. Amma a motocin da suka biyo ta hannunmu, sau da yawa rimot lafiyarsa ƙalau, inji ma da ransa. Ƙarfin yana tasowa, a hanya yake zubewa.

Ga hanyar da yake bi. Wuta na fitowa daga batir ta shiga fanel, allon nan kore mai karɓar saƙon rimot. Fanel ya tura ta cikin ɗan inji. A bakin sandar injin akwai wata 'yar mitsitsiyar giya ta roba mai haƙora. Ita ke juya wata babba, babbar ta juya ta gaba da ita, har a kai ga aksul, sandar da tayoyin baya ke jikinta. Manomin rani a Tomas ko Watari, in ruwa bai iso fangalinsa ba, ba ya zama ya ce dam ta ƙafe. Tashi yake ya bi magudana taku-taku har ya ga inda ta toshe ko ta ɓalle. Haka za mu bi motar nan, kuma da kunne za mu fara, ba da sukudireba ba.

Ka sa batir mai rai, ka ɗaga motar sama yadda tayoyi ba su taɓa komai ba, ka danna gaba, ka saurara.

In shiru ka ji, to maganar wuta ce. Duba ko bakin batir ya yi tsatsa, ko wata waya ta cire daga liƙinta. Kana so ka tabbatar inji na da rai? Cire wayarsa ɗaya daga fanel, ka taɓa masa batir biyu kai tsaye. In ya juya ka wanke shi daga zargi. Wannan ba zai ɗauke ka minti biyar ba, mu wuce.

Wanda ya fi haɗari shi ne ka ji gurnani ƙasa-ƙasa, mota na ɗan rawa a hannunka, taya kuwa ko ta ƙi juyawa ko tana ja da ƙyar. Saki madannin nan take. Dalili kuwa, inji in yana juyawa shi kansa yana haifar da wata wuta mai tokare wadda batir ke turowa, don haka kaɗan yake sha. Da zarar an danne shi ya tsaya cak, tokarewar ta tafi, sai wuta ta kwararo ninki-ba-ninki. Wayar tagullar da ke naɗe a cikinsa ta ɗau zafi, taransistocin kan fanel su ma su ɗauka. Warin ƙauri da kake ji a bayan motar nan, kuɗinka ne ke ƙonewa. Yaron da motarsa ta kafe a rairayi ya ci gaba da danna rimot yana jiran ta fita, shi ya kashe ta da hannunsa, alhali da farko abin da ke damunta bai wuce zare ba.

Da gaske muke, zare. A garuruwanmu bayan kaka ko'ina zaren buhu ne, ga ƙaiƙayi, ga gashin awaki, ga ƙarangiya. Zaren buhu siriri ne, kuma ba ya tsinkewa da sauƙi. Yakan naɗe a aksul, a ɗan tsakanin taya da jikin mota inda ido ba ya kaiwa, ya yi ta ɗaurewa har ya zama birki. Allura da reza sun isa su fitar da shi. Kafin ka kwance ko kusa ɗaya, leƙa nan tukuna.

In babu zare, cire batir ka juya tayar baya da hannu a hankali. Lafiyayyar mota za ka ji nauyi iri ɗaya duk zagayen, da ɗan kukan giyoyi a ciki. In ka ji gurus-gurus kamar mai tauna tsakuwa a shinkafa, rairayi ya shiga. Sai dai a kula: akwai motocin da giyar bakin injinsu ba haƙora gare ta ba, murɗaɗɗen zare ne irin na jikin sukuru. Irin wannan ba ta juyuwa daga wajen taya ko da lafiyarta ƙalau. In ta ƙi, kada ka murɗa da ƙarfi, haƙoran ta kusa da ita za ka kakkarya.

Maganar rairayin nan ita ce babbar matsalarmu, mu 'yan arewacin Kano. Waɗanda suka ƙera motocin nan daɓen tayil da siminti suke tunani. Mu kuwa ƙasarmu jigawa ce, filin wasanmu gonar da aka girbe gero ne, ko hanyar da amalanke da shanu suka mayar turɓaya, ga ƙurar hunturu a kai. Akwatin giyar da ke cikin yawancinsu a buɗe yake ta wajen aksul. Masu kamfani sukan shafa ɗan giris a ciki, shi kuwa giris ba ya ganin rairayi ya bari. Su biyun in sun haɗu sun zama samfefa mai laushi, tana cin haƙoran roba a kowane juyi.

Nan ne mutane da yawa suke ƙara wa Barno dawaki. Sun ji mota na ƙara, sai su ɗiga baƙin mai, wani man gyaɗa, wani ma man shanu. Ranar farko ta yi daɗi. Bayan kwana biyu man ya kwashi ƙasa, na gyaɗar kuma ya daskare ya yi danƙo. Abin yi shi ne a buɗe, a fitar da giyoyin, a goge su da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, a bar su su bushe sarai. Ban da fetur ko tina, suna cin wasu robobin, kuma kada ruwa ya taɓa inji ko fanel. In akwatin yana rufuwa ruf, basilin kamar ƙwayar gero ya isa. In a buɗe yake, mu mun fi son a bar shi a bushe, a goga bakin fensir a kan haƙoran. Baƙin nan na cikin fensir yana sa santsi kuma ba ya kama ƙura. Ka dai kiyaye kada garinsa ya zuba a kan fanel, domin wuta na bin sa. Sannan ka nemi ɗan yankin soso ko ƙyalle ka toshe ƙofar da rairayi ke shiga, yadda ba zai matse aksul ba.

Tun da maganar buɗewa ta zo: a kan faranti ake yi, a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba. Kusar motar nan in ta faɗa ƙasa ta tafi ke nan. Kafin ka ɗaga ko giya ɗaya, ari waya ka ɗauki hoto, ko ka zana yadda suke jere a bayan littafinka. Giyoyi huɗu ne kawai, amma za ka sha mamakin yawan hanyoyin da za a iya mayar da su ba daidai ba.

Sai murya ta uku, wadda muka sa wa shafin yau sunanta. Inji na ƙara da ƙarfi, siririyar ƙara mai tashi sama, kamar babur ɗin da sarƙarsa ta zame, amma taya ko gezau. Wannan albishir ne: batir lafiya, fanel lafiya, inji lafiya, wani abu ne ya saki. Wanda muke fara tuhuma ita ce 'yar giyar bakin inji. Ba liƙa ta aka yi ba, cusa ta aka yi da matsi a kan sandar ƙarfe mai kaurin milimita 2. Roba ce a matse kullum, ga zafin inji, ga zafin bazararmu, wata rana sai ta tsage. Tsagar siririya ce kamar gashi, sai ka kai ta hasken rana ka juya kafin ka gan ta. Daga nan sanda na juyawa a ciki, giya na tsaye tana kallo.

Sufagulu zai iya riƙe ta na 'yan kwanaki, in ka ɗan karce sandar da filaya ka ɗiga kaɗan, kana riƙe da injin bakinsa na kallon ƙasa don kada gam ya gangara ciki ya kashe shi. Amma tsagaggiyar giya ta riga ta buɗe, tazarar haƙora biyun da ke gefen tsagar ta fi ta sauran, don haka za ta riƙa cije wa maƙwabciyarta. Canji shi ne magani. Wajen cusa sabuwa kuma, jingina ƙarshen sandar na baya a kan ƙarfe ko dutse mai laushin fuska, in ba haka ba ka tura sandar ta fasa murfin bayan injin.

In 'yar giyar lafiya take, ɗauki alli ko biro ka ja layi ɗaya daga tsakiyar aksul zuwa jikin taya. Ajiye motar a ƙasa, danna gaba na ɗan lokaci, ka ɗaga ka duba. Layin ya rabu biyu? To aksul na juyawa, ramin tayar ne ya cinye. Ka yi irin wannan alamar tsakanin aksul da giyar da ke kansa, nan ma yakan saki.

Murya ta huɗu ita ce ƙas, ƙas, ƙas, a jere kamar agogo. Haƙori ne ya karye ko ya lanƙwashe. Ga wata dabara da muke jin daɗinta, domin tana nuna maka mai laifin tun kafin ka buɗe. Yi alama a taya, juya ta da hannu zagaye ɗaya cif, kana ƙirga ƙarar. In sau ɗaya ka ji, giyar kan aksul ce, domin ita kaɗai ke zagaye ɗaya tare da taya. In sau huɗu ko biyar, ta tsakiya ce. In ƙarar ta yi yawa har ta fi ƙarfin ƙirga, can bakin inji ne. In kuwa ba ta da tsari, kuma sai mota ta ɗau nauyi ko ta hau tudu take yi, haƙoran ne ke tsallake juna saboda inji ya goce daga mazauninsa.

Akwai tsohuwar dabarar daidaita wannan tazara da masu motocin tsere na rimot suke amfani da ita a ko'ina a duniya. Yanki siririyar takarda daga littafin rubutu, sa ta tsakanin ƙaramar giya da babba, matsa su su cije ta, ɗaure injin a haka, sannan ka juya takardar ta fita. Kaurin takardar nan shi ne numfashin da haƙora ke bukata. Su masu irin motocin Tamiya, kamfanin Japan da ya fara fitar da motocin rimot a 1976, suna da kusoshin matsar da inji gaba ko baya, kuma kowace giya da lambarta a shago. Mu namu sai dai a cusa ɗan kwali ko yankin robar tayar keke a bayan injin har ya zauna daram.

To ina za a samu giya a Kunci ko Tsanyawa? A wajen masu gyaran rediyo ranar kasuwa, da wajen 'yan jari-bola, da cikin matattun kayan da ke jibge a gidajenmu. Tsohuwar rediyo mai kaset cike take da giyoyi. Na'urar DVD kuwa, abin da ke turo farantinta waje ɗan inji ne da roba da giyoyi, a haɗe, an riga an rage musu gudu. Wata motar da ta mutu ita ce shagon kayan gyaran taka. Sharaɗi ɗaya ne: girman haƙori ya zo ɗaya. Yawan haƙoran na iya bambanta kaɗan in wuri zai ɗauka, amma ka haɗa sabuwar da wadda za ta cije, ka mirgina su da yatsu. In suna tafiya sumul, sun dace. In suna hawa kan juna, ajiye ta. Kada kuma tonon bola ya sa ka ji kunya. A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura, ya sa masa injin Honda Civic. Bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, amma ya tashi.

Yanzu bari mu ɗan yi lissafi, domin shi zai hana ku ɓarnar da ta fi kowace yawa. Irin ɗan injin nan in ba ya ɗauke da kaya yana iya zagaye dubu goma a minti ɗaya, amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne, da yatsa biyu za ka tsayar da shi. Aikin giyoyi shi ne su sayar da gudu su sayo ƙarfi. A ce ƙaramar tana da haƙora 8, babbar 40. Sai ƙaramar ta zagaya sau 5 kafin babbar ta yi ɗaya. A maimaita haka a hawa na biyu, 5 sau 5, ya zama 25. Zagaye 10,000 ya koma 400 a aksul, ƙarfin murɗawa kuma ya ninku kusan sau 25, in an cire abin da gogayya ta ci. In faɗin tayar santimita 6 ne, kewayenta wajen santimita 19, motar za ta ci kamar mita 75 a minti, wato kilomita huɗu da rabi a awa, daidai tafiyar mutum a ƙafa.

Sai mai mota ya ga tana nutsewa a rairayi, ya yanko silifas ya yi mata manyan tayoyi masu faɗin santimita 10. A sama za ta yi kyau, a lissafi gudunta ya kai kilomita bakwai da rabi. Amma ƙarfin da take tura ƙasa da shi ya ragu zuwa shida cikin goma na da, ga nauyin tayar ya ƙaru. Tana shiga turɓaya sai gurnani, daga gurnani sai ƙauri. In rairayi ne damuwarka, ƙara wa tayar kauri ta gefe don ta shimfiɗu a kan ƙasa, ka bar tsayinta yadda yake. Kuma rage mata kaya. Mun san daɗin loda wa tifa yashi, amma kofi ɗaya na yashi nauyi ne babba a wajen haƙorin roba.

'Yan ƙaramar sakandare, wannan shi ne darasin giya da bel da sarƙa da ke cikin Basic Technology. 'Yan babbar sakandare kuma, shi ne babin injuna a fiziks, wanda WAEC da NECO ba sa gajiya da tambaya. Abin da ke ba mu haushi shi ne a makarantu da yawa a allo kawai ake zana giyar nan, ɗalibi ya haddace ya rubuta ya ci, bai taɓa ƙirga haƙoran ko guda da hannunsa ba. Ƙungiyar JETS ta kowace makaranta da za ta tara matattun motocin unguwa a kwali ɗaya, da ta samu ɗakin gwaji kyauta.

Ɗaya ɓarnar ita ce ƙarin wuta. Motar da aka yi don batir huɗu na bolt 1.5, bolt 6 ke nan take so. Batiran nan masu caji na cikin fitila da fawabank, kowane bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2. Ka haɗa biyu a jere ka kai 8.4. Za ta yi gudu kamar an kore ta, na ɗan lokaci, sannan ko fanel ya tafi ko haƙora su zube. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Irin batirin nan kuma ba abin wasa ba ne: in ya kumbura, ko aka huda shi, ko wayoyinsa biyu suka haɗu, yana kama wuta mai wuyar kashewa. Kada a yi cajinsa a kan katifa, ko kusa da zana da karan dawa da rumbu. Wanda ya kumbura a fitar da shi daga ɗaki, a nesanta shi da ƙanne.

Masu ƙera tasu motar da kwali ko langa-langa, mun san kuna jira. Matsalarku ta farko kusan kullum ɗaya ce: an liƙa taya kai tsaye a bakin inji. A sama tana juyawa kamar fanka, a ƙasa ko taku ɗaya. Lissafin can na sama ya gaya muku dalili. In babu giya, yi irin na injin niƙa: robar ɗaure kuɗi ta zama bel, ta taso daga sandar inji zuwa wani faifai a kan aksul. Murafan kwalba biyu da aka liƙa baya da baya sun isa faifai, faɗinsu wajen santimita 3, ragin zai haura sau goma. Ku lura da mai niƙan garinku, bel ɗinsa in ya saki santsi yake, in ya ɗaure da yawa inji ke wahala. Naku ma haka. Aksul na sifok ɗin keke ya bi ta cikin bututun biro, kada ya gogi kwali. Kuma aksul na gaba da na baya su yi daidai da juna. Auna da zare daga tayar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan ɗaya ɓangaren. In tsawon bai zo ɗaya ba motar a karkace take, rabin ƙarfinta a jan gefe zai ƙare.

Abu na ƙarshe, don kada wani ya kwance lafiyayyar mota. In taka mai ɗan tsada ce, ka juya tayar baya ɗaya ka ga ɗayar na juyawa baya-baya, ba lalacewa ba ce. Akwai wasu ƙananan giyoyi a tsakiyar aksul masu raba gudu, don a kwana tayar waje ta fi ta ciki sauri. Illarsu ita ce in taya ɗaya ta samu santsi ko ta rataye a sama, duk juyin can yake tafiya, ɗayar ta tsaya. Abin da kuke gani ke nan in babbar mota ta kafe a hanyar ƙauye da damina, taya ɗaya na watsa taɓo, ɗayar na hutawa.

Mako mai zuwa za mu koma tayoyin gaba, mu ga abin da ke sa mota ta riƙa kwana ɓangare ɗaya ta ƙi ɗayan. Kafin nan, mai mota a ƙarƙashin gado ya jawo ta, ya ari batir, ya ɗaga ta sama ya saurara, sannan ya rubuto mana wace murya ya ji a cikin huɗun nan, da sunan makarantarsa da ajinsa. Sai mun ji daga gare ku, in Allah ya kai mu.